Kwana Uku a Layin Gas, Negombo

Edita ya bugo waya da sassafe:
"Dayawathi, kalmar nan ta tsufa.
Sau tara kin rubuta rikici a shafin farko,
har mai karatu ya daina jin zafinta.
Nemo mana wata."

Na ce to. Ina tsaye a layin gas,
ni ce ta ɗari biyu da sha ɗaya,
tukunyata ɗaure da sarƙa a wuyan ta gabana,
ta gabana ɗaure da ta gabanta,
har can inda titi ya karya kwana wajen coci.

Na zazzage buhun kalmomin da ke kaina.
Hargitsi? Ina fa, layin nan shiru yake.
Tarzoma tana da duwatsu da hayaƙin taya,
mu lema kawai muka riƙo.
Dambarwa ta 'yan majalisa ce,
su da fankarsu ba ta daina juyawa ba.
Tangarɗa, in ji wani jami'i a rediyo,
sai ka ce tuntuɓe aka yi da tsakuwa,
a karkaɗe zani a wuce.

Wimalasiri mai keke mai ƙafa uku
ya ce, "Rubuta masifa, 'yar'uwa."
Thevaki ta girgiza kai daga bayansa:
"Masifa saukowa take yi.
Shekarar da teku ya shigo mana har ɗaki,
wannan ce masifa, ba wanda ya rattaba mata hannu.
Ta yanzu kuwa da sa hannu a ƙasanta,
da hatimi, da kwanan wata."

Rana ta biyu aka yi ruwa.
Jiragen masunta na kife a bakin gaɓa, ba kananzir,
hankaki sun zo kasuwar kifi sun koma.
Dattijon da ke gabana, Benedict Kurera,
ya tsiyaya mini shayi a murfin filas,
ba madara, ba sukari.
Na tambaye shi shi ma.
Ya ce, "Iskar teku na san sunanta tun kafin ta iso.
Wannan ban san shi ba.
Na dai san matata na hura wuta da ɓawon kwakwa,
tana tari har tsakar dare."

Cikin dare na gwada sauran, kamar mai gwajin takalmi.
Ƙunci ya matse ni.
Ibtila'i ya yi mini yawa, yana ƙanshin wa'azi.
Tsaka mai wuya ta fi kusa,
amma mai tsaka yana hango bakin gaɓa,
mu ko wutsiyar mota ba mu hango ba.

Rana ta uku, wajen sha ɗaya,
dattijo ya zauna kan tukunyarsa,
ya jingina kai da katangar coci.
Muka ce barci ne.
A keken Wimalasiri aka sa shi,
babu mai a tanki,
samari huɗu suka tura har asibiti.

Da yamma motar gas ta iso.
Layi ya motsa, sarƙa ta yi ƙara.
Tukunyarsa ba mai ita,
amma ba wanda ya tsallake ta.
Na tura ta da ƙafa, taki ɗaya, taki biyu,
Thevaki ta kwance bakin mayafi ta cika kuɗin.

Waya ta sake ƙara. "Kalmar fa?"
Na ce, "Rubuta Benedict Kurera,
shekara saba'in da ɗaya,
lamba ɗari biyu da goma."
Ya yi shiru, ina jin yana ƙirga haruffa.
"Ba zai shiga layin ba."
Sai ya mayar da rikici, karo na goma.

Mu biyu muka ɗauki tukunyar, tana bugun ƙaurinmu.
Matar ta karɓa ba ta ce uffan ba.
Ta ɗaura tiyo, ta ƙyasta ashana,
ta ɗora ruwan shayin 'yan ta'aziyya.