Albasar da Ta Ƙi Zama

Ran Talata, a ɗakin da ke saman shagon mai gyaran takalma,
nan Porto, inda tituna ke gangarawa kogin Douro
kamar dabbobin da ƙishi ya koro,
nakan shimfiɗa tsohon ƙyallen teburin mahaifiyata,
in ɗora albasa uku, kwalbar man zaitun da ta kai rabi,
da wuƙa mai ƙotar ƙaho.
Sai in rufe taga ɗaya.
Haske biyu ba sa shiri a kan albasa guda.

Ɗalibaina biyar ne, huɗu in ana ruwa.
Abílio ya yi shekara talatin yana tuƙa taragon lantarki
kafin hannu ya soma yi masa rawa.
Graciete daga kasuwa take zuwa, da ƙarnin kifi a yatsunta,
ta riƙe buroshi kamar za ta feɗe shi.
Noémia daga aikin dare a asibiti,
wani lokaci barci ya sace ta, fenti na ɗiga a gwiwarta,
ba mai tashinta.
Sauran biyun wa da ƙane ne,
ba sa magana da juna sai ta bakina.

Na ce musu, kada ku zana albasa.
Albasar da kuka sani tana cikin kanku tun kuna goye,
zagayayya ce, ja ce, ƙarya ce.
Ku duba nan, inda ɓawon ya tsage ya yi ruwan goro,
da can ƙasa, inda shunayya ta tsuguna cikin inuwa.
Inuwa ba baƙa ba ce.
Abílio ya ce, "Malama, shekara saba'in ina ganinta baƙa."
Na ce, to yau sake dubawa.
Ya duba, ya duba, har ƙararrawar coci ta buga sha ɗaya,
sannan ya miƙa hannun nan mai rawa
ya ɗebi shuɗi.

Mako na uku muka hawo bene
muka tarar ta tsakiyar ta tsiro.
Kore siriri, tsawon ɗan yatsa, ya karkata wajen taga.
Graciete ta dire jaka: "Wa ya ba ta izini?
Ni da na gama samanta tun makon jiya!"
Noémia ta yi dariya har da share ido.
Ta ce a wurin aikinta ma haka ne,
wanda aka ce ya kwanta kada ya motsa
shi ake tararwa tsaye a bakin taga da asuba.

Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba,
ashe ba ta yi halin tebur ba ma.

Abin da ban gaya musu ba,
a bayan labule akwai nawa zanen, wata bakwai yana jingine:
kofin mahaifiyata mai ɓantararren baki, da lemun tsami guda.
Na farko ya bushe, na sayo wani.
Na biyu ya yi funfuna, na sayo wani.
Ina ta sauyawa don ya yi kama da na ranar farko,
zanen kuwa ya ƙi numfashi.

Da suka sauka ran nan,
ina jin takun Abílio, mataki, hutu, mataki,
na wanke buroshi biyar, na ja labulen.
Lemun da ke kan faranti ya motse, fatarsa ta yi tamoji
kamar bayan hannun mai kofin a shekararta ta ƙarshe.
Na ɗauke shi zan jefar.
Na tsaya.
Na mayar da shi daidai kan tabon da ya bari.

Na haɗa rawaya da ɗan ruwan ƙasa, na sa toka-toka kaɗan.
A ƙasa mai takalma yana buga ƙusa.
Hasken yana da sauran kamar minti arba'in.