Ƙaiƙayin Saiwa

Da asuba na tumɓuke wake gindi uku
a gonar Baba, bayan Sandamu.
Na kakkaɓe ƙasa, ga ƙullutai jere kamar carbi.
Na fasa ɗaya da farce: ja-ja ne ciki,
kamar bakin da ya tauna goro.

A Katsina na rufe saiwar cikin kwalba,
na liƙe murfi, na duba agogo.
Minti arba'in. Sau biyu ana ɗauke wuta.
Sirinji ya zuƙo abin da ido bai gani,
layi ya tashi a fuskar na'ura, ya kwanta:
haidirojin.

Ƙwayoyin nan masu kamo naitirojin daga iska
su ciyar da wake,
su ma da abin da suke zubarwa,
kamar mai shiƙa a bakin rumbu.
Ni ƙaiƙayin nake aunawa
don in san yawan hatsin.

Bayan magariba Baba ya kira:
"Sahura, me kwalbarki ta ce?"
Na karanto mashi lambobi.
Shiru. Ina jin akuya tana kuka can bayanshi.
"To. Ni dai inda wake ya kwana,
nan gero ke tashi baɗi.
Kuma ina binki gindi uku."