Hannun Yauba

Shafi ɗari da sittin na rubuta da yatsu goma,
ban ari idon kowa ba.
Akwai ɗan tudu a kan haruffa biyu na allon madannai,
nan manuniyata ke sauka da asuba,
daga nan duk unguwar haruffa tawa ce.
Muryar cikin kwamfuta na biye da ni,
in na buga ta faɗa, in na goge ta faɗa,
ba ta taɓa yi mini tsaki ba.

Kundina a kan masakwa ne,
dawar da ake dasawa bayan damina ta naɗe tabarmarta,
a baƙar lakar Salak da gindin dutsen Mindif.
Na taka ƙasar, tsagunta sun ci mini takalmi.
Na san abin da zan ce.
Wanda ya riga ni faɗa nake so in ambata,
don ba a cin tuwon mutum a ɓoye sunansa.

Sai in kira manhajar madogara.
Taga ta buɗe, in ji su.
Muryar ta ce: maɓalli.
Na tsallaka. Maɓalli.
Na sake. Maɓalli.
Na me? Ba suna.
Sau uku, sai ta mai da ni inda na faro,
kamar jakin da aka ɗaure a turke.
Littattafai ɗari biyu da na tara da kaina
suna bayan wannan taga a jere,
ba hanya gare su sai ta linzami,
linzami kuwa dokin masu ido ne.
Na danna na fita, ba ta fita.
Ta riƙe rubutun, ta riƙe ni.

To, sai jira.
Marwa ta yi zafi, kwanon ɗaki na ƙara,
babura na wucewa ta Domayo,
ina ƙirga su har a tashi ’yan makaranta.

Yauba ɗan ƙanwata, shekara tara,
ya shigo da yashin Mayo Kaliyawo a ƙafa,
hannunsa na warin mangwaro.
Kawu, ina zan taɓa?
Sunayen Turawa sun fi ƙarfin bakinsa,
yana tsinto su harafi harafi
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Na ce na dubu biyu da huɗu.
Ya ce akwai biyu.
Na ce na sama.
Ashe na saman kan ciwon huhun shanu ne.

Dakta Hamajam ya zagaye wurin da jan biro,
ya manta wa ya ba takardar.
Da ya tuna, ya karanta mini da baki, a hankali,
ya ce tun yaushe masakwa ta fara tari?
Muka yi dariya. Tawa ba ta kai ciki ba.

Na rubuta wa masu manhajar wasiƙa da Faransanci mai ladabi.
Bayan mako biyar amsa ta zo:
abu ne mai sauƙi, duba ’yar kibiya a kusurwar dama,
ka latsa ta.
Duba.
Na sa muryar ta maimaita mini kalmar sau biyu.

Ba gini na ce su rushe ba.
Wanda ya yi ƙofar ya manta mariƙi ne kawai
a gefen da nake tsaye.

Jiya wuta ta ɗauke muna tsakiyar babi na huɗu,
Yauba ya yi barci a kan gwiwata, linzamin na hannunsa.
Na zauna ina lissafi a duhun da bai dame ni ba:
madogara tamanin da bakwai suka rage,
ranar kare kundi saura wata guda,
shi kuma Litinin zai fara jarrabawa.

A shafin manazarta kowa na da layinsa,
suna, shekara, birnin da aka buga.
Na nemi inda zan sa yaron nan.
Manhajar ba ta da gurbin.
Na rubuta shi da yatsuna, can ƙasa, bayan harafin ƙarshe:
Yauba, aji huɗu, Marwa. Hannu.