Kifi Biyu, Suna Ɗaya

A bakin Rio Negro,
inda ruwa ke da launin shayin da aka manta a buta,
Jandira ta durƙusa cikin kwalekwalen kakanta
da ɗan almakashi
da kwalabe sirara kamar yatsun jariri.

Ba nama take so ba.
Gefen fiffike kawai, abin da bai kai farce ba,
ta jefa a sinadari, ta manna lamba,
ta mayar da mai fiffiken ruwa
ya je ya ba danginsa labari.

Tsoho Valdemir ya ɗaga biyu ta wutsiya.
"Wannan daban, wannan daban."
Ta buɗe littafin jami'a:
hoto ɗaya, suna ɗaya, ɗigo ɗaya a gindin wutsiya.
"Kaka, littafi ya ce tagwaye ne."
Ya tofar da yawu cikin kogi.
"Littafinku ya taɓa cin su?
Ɗaya na bin ambaliya cikin daji ya tsinci 'ya'yan itace,
ɗaya ba ya barin yashi.
Kama da wane ai ba ta wane."

Kwana uku jirgi na gangarawa Manaus,
kwalabe na kaɗa haƙora cikin akwatin ƙanƙara.

A ɗakin bincike babu ƙarnin kifi,
sai sanyi da gunjin na'ura.
An narkar da fiffike, an tace,
an zaro zaren gadon da ke kwance a kowace ƙwayar halitta,
rubutun da ya girmi alƙalami,
haruffa huɗu kacal
suna musayar wuri sau ɗari shida da 'yan kai.
A fuskar kwamfuta suka jeru
kamar zanen da ke jikin kwalin sabulu a kanti.

Na farko ya sami 'yan uwansa nan take,
rumbun duniya ya ce: mun san shi.
Na biyu kuwa, shiru.
Ta sake gwadawa, ko hannunta ne ya gurɓata.
Ta sake. Ta sake har dare ya raba.
Haruffa arba'in sun ƙi zama inda aka sa rai.
Babu mai irinsa a rajista,
baƙo ne a takarda,
alhali tun kafin a haifi uwarta
yake tafasa a tukunyar gidansu.

Ta kira ƙauye, layin na yankewa.
"Kaka, gaskiyarka. Biyu ne.
Na yashin ba shi da suna."

Dariya ta biyo waya, da tari a bayanta.
"Wa ya ce ba shi da suna?
Ku ne dai ba ku tambaya ba."

Ta jawo takarda.
Ya faɗa, da harshen mahaifiyarsa,
wanda ita Jandira ba ta iya ba.
Ta ce ya maimaita a hankali.
Layin ya ɗauke a gaɓa ta biyu.

Ta bar gurbin a buɗe,
ta tafi neman tikitin jirgin Laraba.