Wa Zan Taya?

Akori-kurar babana ta mutu a watan Janairu,
tsakanin rumbun alkama da garken shanu.
Ƙanƙara ta kai mata gwiwa,
ta yi tari uku, ta yi shiru.
Shekara ashirin da biyu tana jan harawa a Dakota ta Arewa.
Arvid Tollefson ya cire hula kamar a bakin kabari.

Na ce, "Baba, zauna, ga kwamfuta."
Na buɗe masa kasuwar da ba ta da ƙofa:
fara, ja, mai ruwan toka,
kowace da kuɗinta rubuce a goshi,
ba ƙari, ba ragi, ba je ka ka dawo.
Ya gyara tabarau, ya leƙa, ya sake leƙawa.
"To ina mai ita?" in ji shi. "Wa zan taya?"

Shi a saninsa ciniki yini ne guda.
A sa rigar zuwa coci, a kama hanyar Rugby,
a zauna gaban Delbert Haugen, dillali ɗan dillali,
a sha gahawarsa mai ɗacin tsiya a kofin takarda,
a fara da farashin alkama, da wanda ya rasu,
da wanda bashi ya ci gonarsa.
Sai rana ta karkata a taɓo mota, a kaikaice,
kamar mai tambayar lafiyar maƙiyi.
Delbert ya rubuta lamba, ya turo takarda.
Baba ya yi dariya, ya miƙe, ya nufi ƙofa.
"Tsaya mana, Arvid, bari in ga manaja."
Manajan nan ba wanda ya taɓa ganin ƙeyarsa.

Ni kuwa na san ƙarshen labarin,
don ni ke riƙe da takardun gida:
abin da Delbert ya saki da dama
da hagu yake ɗaukewa, a kuɗin ruwa,
a garantin da ba mu nema ba.
Na faɗa masa. Ya ce, "Na sani, Marlys.
Amma idona yake kallo in zai cuce ni."

Kwana shida muna aron motar maƙwabci.
Shanu ba sa jiran ciniki.
Daren Laraba na latsa maɓalli,
kafin romo ya tafasa an gama.

Ta iso bisa tirela, shuɗiya, tana ƙyalli,
wani yaro Anselmo ya kawo ta daga Fargo.
Baba ya zagaye ta sau biyu, ya doki taya da takalmi,
ya ce, "Ɗan samari, sauke ɗari biyar."
"Yallaɓai, ni kawowa ce tawa. Sa hannu nan."
Ya miƙo gilashi.
Baba ya zana sunansa da yatsa,
ya fito kamar sawun kaza a laka.
Ba musafaha.
Ba wanda ya ce albarka, balle a ƙara.

Dala dubu da ɗari uku muka tsira da su.
Na lissafa, na nuna masa. Ya ce to.
Kwana uku yana juya cokali a kwano.

Ran Asabar na ji ƙarar inji tun duku-duku.
Sai bayan faɗuwar rana ya dawo, kunnuwa jajur,
numfashi duk ƙaurin gahawar nan,
da shimfiɗun ƙafa na roba guda huɗu a hammata.
"Ya hango ta ta taga, bai ce uffan ba.
Sittin ya sa wa waɗannan. Na taya talatin.
Sau biyu ina kai wa ƙofa.
Arba'in da ɗaya, Marlys!"

Ban ce masa talatin da biyar suke a waya ba.
Na ɗumama romo, ya sha kwano biyu,
ya tambaya ko da saura.