Ragowar Kilomita

Shekara talatin da ɗaya ina bisa sitiyari,
albasar Adar a bayana, Yamai a gabana.
Ɗari biyar da hamsin daga Tawa,
na san su kamar yadda harshe
ya san gurbin haƙorin da ya fita.

Da yana ta rufe min idon dama,
Zuwaira ta ce, "Baba, ba ka sake shiga bas."
Ta biya kuɗin jirgi, ban tambayi jaka nawa ba,
don kar in ji, in ce na warke.

Suka ba ni kujerar taga. Ni da ba na gani!
Wata murya ta yi Faransanci daga rufi,
yaron kusa da ni ya fassara:
ɗari uku da saba'in da 'yan kai,
kuma awa guda ma ba za ta cika ba.

Na ce, yaro, lissafinku da gyara.
Ban yi boko ba, amma na sayi gazuwal.
Saura ɗari da saba'in da wani abu,
wa ya cinye su?

Ya ce, "Sama ba ta da kwana, Baba."

To, a kwanar nan nake.
A cikinta Badagishiri take, ran kasuwa,
jakai su tare kwalta, kai ne mai ba su haƙuri.
A cikinta Nomau mai shayin Tsarnawa
yake zuba min ba sukari tun ban yi magana ba.
Bashin dala ɗari na nan a Dogon Dutsi,
mai shi ya rasu bara, ban kai wa 'ya'yansa ba.
A Doso, Hamani bakanike ya kwana ƙarƙashin motata,
yana zagin injin da Zabarmanci,
injin kuwa ya ji.
Can gaban Birnin Gaure, inda taya ta fashe da asuba,
nan aka same ni da labarin an haifi Zuwaira.

Duk wannan muka tsallake
kafin ruwan kofin roba ya ƙare.
Ko gyangyaɗi ban samu na yi ba.
Na ɗaga hannu dai wajen da nake zaton Konni,
ashe, in ji yaron, ba mu ma bi ta nan ba.

Kunnena ya toshe, ƙasa ta taso ta tarbe mu.
Rigata fara sol, yadda na sa ta a gida.
Zuwaira ta karɓi jakata, ta riƙe min hannu,
ta ce, "Sannu da hanya. Ina gajiya?"

Na ce, "Ba gajiya."
Shekara talatin da ɗaya ina ba da amsar nan
da ciwon baya, da jan ido.
Yau ne kaɗai ta zama gaskiya,
kuma kunya ta kama ni.