Kwana Uku a Dadin Kowa

Shekara biyu ina haddar kogi a kan takarda.
Na zana shi da shuɗin biro, na ci takwas cikin goma,
ban taɓa jin sanyinsa a idon sawuna ba,
sai ranar da motar makaranta ta taso daga Kumo
da tabarmi, da jarkoki, da buhun garin kwaki,
ta juye mu a Dadin Kowa, hantsi na dagawa.

Malama Saratu ta ce, "Ku rufe littafi, yau ƙasa ce allo."
Ta ba kowa igiya da turaku huɗu,
taku ɗaya tsawo, taku ɗaya faɗi.
"Ƙirgo min duk mai rai da ke ciki."
Na yi dariya. Me ke cikin taku ɗaya ban da yashi?
Na durƙusa. Cinnaka. Kiyashi. Ƙarangiya. Harkiya.
Gizo-gizo goye da ƙwai kamar mai zuwa unguwa.
Wata ciyawa da ko Malama ba ta san sunanta ba.
Aka kira azahar ina kan sha tara, ƙirga bai kai ƙarewa.

Tabita, da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba,
ita ta kifar da dutse a bakin ruwa,
ta ɗauko wani mummunan ƙwaro a tafin hannu
mu maza muna ja da baya.
"Ɗan mazari ne," in ji Malama, "fiffikensa na nan zuwa."
Tun daga nan bakin Tabita bai san rufewa.

Muka ɗaure farin murfin fenti a igiya,
muka zura a ruwa don auna duhunsa:
kamu biyar kafin ya ɓace.
Baba Jatau na gyaran koma a gindin kanya,
bai ko ɗago ba ya ce, "Gobe ba zai kai biyu ba.
An yi ruwa a Nafada, ja na tafe."
Da safe kamu ɗaya da rabi.
Malama ta rubuta sunansa a littafinta,
a layin da ake sa wanda aka ɗauko ilmi a gunsa.
Na ga alli ya rusuna wa koma, ba da wasa ba, da girmamawa.

Ƙasimu ne ya tsinci dodon koɗi a jikin kainuwa.
Da aka ce a cikinsa tsargiya ke kwana,
ya yi shiru, ya yi shiru,
can ya ce, "Ƙanena na fitsarin jini tun bara.
Mun ɗauka girma ne ya zo."
Ba wanda ya yi dariya.
Darasin ya bar bakin kogi, ya bi shi gida da gaggawa.

Dare a ajin firamare, gidan sauro rataye da allo.
Shinkafa ta kama, muka cinye har ƙanzo.
Bulus ya gama addu'arsa, na sallame tawa,
muka haɗa kai a kan fitila ɗaya
muna musun lissafi har kaza da 'ya'yanta suka karkata.
Nawa ne ba daidai ba. Na goge da hannuna.
Ban san kuskure na da daɗin gyarawa.

Yanzu na dawo. Kogin takarda na nan a jakata,
amma in na buɗe shi ina jin warin laka.
Jiya Inna ta same ni tsugune bayan randa.
"Me ka yar?" ta ce.
Na ce ban yar da komai ba, Inna,
taho ki ga masu haya a gidanmu,
shekara da shekaru, ba mu taɓa gaisawa.